Motar da ke kashe kanta a danja: yadda za ka zauna da ita lafiya a Kano

Sana'ata wayarin mota, kuma a 'yan shekarun nan babu ƙorafin da ya fi yawa a bakin masu motocin da suka shigo kwanan nan irin wannan: "Malam, motar nan mutuwa take yi in na tsaya a danja." Mafi yawansu motar lafiyarta ƙalau. Haka aka ƙera ta, ta kashe injinta idan ka taka birki ka tsaya cak, ta kuma tashi da kanta da zarar ka ɗaga ƙafa. Buƙatarsu kusan ɗaya ce, in cire musu abin gaba ɗaya, ko da za a yanke waya. Ni kuwa ba na yankewa. Abin da nake yi shi ne in zauna da mai motar in nuna masa inda abin yake da amfani a titunan Kano, inda ya kamata ya kashe shi da hannunsa, da kuma inda kuɗinsa zai zube idan ya yi sakaci, wato wajen batir.

Fara da tabbatar da cewa motarka tana da shi. Duba kusa da giya ko gefen sitiyari, za ka ga maɓalli mai harafin A da kibiya ta zagaye shi, wani lokaci da OFF a ƙasa. A wasu Mercedes ECO aka rubuta, Mazda kuma i-stop take kiran nata. Cikin motocin da muke gani a nan, akwai shi a GLK 350 daga ƙirar 2013, da C300 daga 2015, da BMW 3 Series daga 2012, da Golf 7, da yawancin Highlander masu V6 daga 2017. Motocin da aka kawo daga Turai sun fi na Amurka yawan zuwa da shi.

Sai ka koyi bambanta kashewar ganganci da mutuwar gaske, don akwai motar da take mutuwa a silo saboda dattin totur ko filogi ko famfon mai, mai ita yana zaton fasaha ce. Idan na'urar ce ta kashe injin, allurar da ke nuna juyin inji za ta sauka ƙasa, alamar A ko ECO ta kunnu, galibi koriya, rediyo da fanka su ci gaba da aiki, kuma jan fitilar batir da ta baƙin mai ba za su fito ba. Idan mutuwar gaske ce, waɗannan jajayen fitilun biyu za su haska, kuma ko ka ɗaga ƙafa daga birki motar ba za ta tashi ba sai ka murza makulli. Kada ka fara gwada wannan a tsakiyar cunkoson Bata. Fita bayan sallar asuba titi babu kowa, ka yi tafiyar da injin zai ɗauki zafi, ka ɗaura bel, ka rufe ƙofofi, ka tsaya ka taka birki sosai. Yi haka sau da yawa har ƙafarka ta san daidai lokacin da injin ke dawowa. Rabin tsoron abin daga rashin wannan sabon yake.

Na fahimci dalilin da ya sa mutane ba sa son sa, kuma ba na raina dalilin. Mun tashi da motocin da in sun mutu a mahaɗa sai an turo, don haka shirun inji a danja kunya yake jawowa kafin ma mutum ya yi tunani. Ga 'yan adaidaita sahu a baya da ba sa jira danja ta gama canza launi sun fara oda. Ga 'yar girgizar nan da motar ke yi in ta tashi, wadda a babbar mota mai tsada take ba mutum haushi. Ga esi da ke yin sanyi-sanyi sannan ya koma iska mai ɗumi. Direbobin gida su ma suna da tasu damuwar, kada Alhaji a kujerar baya ya ɗauka ba su iya tuƙi ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A watan Mayun 2025 shugaban hukumar kare muhalli ta Amurka, Lee Zeldin, ya fito fili ya soki tsarin, yana cewa jama'a ba sa son sa. Kamfanonin mota ba don direbobi sun roƙa suka saka shi ba. Tarayyar Turai ce ta kafa doka a 2009 da ta tilasta musu rage hayaƙin da sababbin motoci ke fitarwa zuwa giram 130 a kowace kilomita, daga baya aka sauko zuwa 95, kuma kashe inji a tsaye yana cikin hanyoyi mafi arha na cimma wannan. Fasahar kanta ta daɗe, Fiat ta sayar da Regata mai irin wannan tsarin tun 1983. Irin wannan dokar ce kuma ta sa duk sanda ka tayar da motar abin yake dawowa a kunne ko da jiya ka kashe shi. Da shi a kunne aka auna motar aka ba ta takarda, shi ya sa ba a bar ta ta riƙe zaɓinka ba. Ba lalacewa ba ce, kada ka kai ta gyara a kan wannan.

To, man da ake cewa yana ragewa, gaskiya ne? Gaskiya ne, amma ba yawan da zai sauya rayuwarka ba. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada a 2014 ta samu ragin kashi 5 zuwa 7 cikin 100. Ragin yana bin yawan tsayuwarka. Wanda kullum yake hanyar Zariya ko Wudil ba zai ga komai ba, wanda ke ratsa tsakiyar gari safe da yamma shi ne zai gani. Mota a kan silo tana shan wajen rabin lita zuwa lita ɗaya da 'yan kai a awa, gwargwadon girman injinta, esi kuma yana ƙara mata. Yi lissafin da kanka: idan ka tara duk tsayuwarka ta yini ta kai rabin awa, kana maganar rubu'in lita zuwa wajen rabin lita a rana, a wata kuma lita bakwai da rabi zuwa wajen goma sha biyar. Kafin 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai, ba wanda zai tsaya wannan lissafin. Yau lita goma kuɗin cefane ne. Akwai kuma tsohuwar magana cewa tayar da mota ya fi barin ta a kunne cin mai. Zamanin kafireto ne wannan. A injin zamani mai injekta, silon da ya wuce kusan daƙiƙa goma ya fi sake tayarwa cin mai.

Babbar fargabar mutane ita ce kik. "Ai zai cinye min kik," haka kowa ke cewa. Da kik ɗin tsohuwar Corolla aka saka wa wannan aikin, da maganarsu ta tabbata. Amma motar da aka ƙera da tsarin nan kik ɗinta daban ne, an ƙarfafa haƙoransa da gawayinsa don ya jure tayarwa ninkin-ba-ninkin na tsohuwar mota. Wasu ma ba kik ne ke sake tayar da su ba, altaneta ce mai aiki biyu take juya injin ta hanyar bel, shi ya sa tashinsu ba ya girgiza. Sannan tayar da injin da yake da zafi, baƙin mai yana jikin ƙarafansa, ba ɗaya ba ne da tayarwar safe bayan kwana. Sharaɗin dai shi ne baƙin man ya zama irin wanda littafin motar ya faɗa. Motocin nan da yawa siririn mai suke so, irin 0W-20 ko 5W-30, don ya haura sama da sauri. Idan aka zuba musu mai kauri don "ƙasarmu da zafi", kowace tayarwa sai man ya yi jinkirin isa inda ake buƙatarsa. Kuma ranar da kik ɗin ya gaji da gaske, a nemo nasa da lambarsa, kada a ɗaura na ƙirar da ba ta da tsarin don bakinsu ya zo ɗaya.

Yanzu ga yadda ake tuƙa ta. A yawancin motoci masu giyar otomatik, ƙarfin takun birkinka ne ke ba da umarni. Ka taka a hankali, daidai yadda motar za ta tsaya ba tare da ta gangara ba, injin zai ci gaba da aiki. Ka ƙara dannawa, sai ya mutu. Wannan kaɗai idan ka iya shi ka gama da rabin matsalar, don ƙafarka ce za ta riƙa zaɓar inda za a kashe da inda ba za a kashe ba. Ba kowace mota ke bin wannan ba, amma gwada taka ka gani. Idan kana tsaye injin a kashe ka ga danjar ɗaya ɓangaren ta kusa canzawa, sassauta birkin kaɗan ba tare da ka sake shi duka ba, ko ka ɗan motsa sitiyari, a motoci da yawa injin zai tashi ya jira ka. Kada ka fizge ƙafa daga birki ka caka totur lokaci ɗaya, nan ne motar ke yin tsalle. Ba ta ɗan numfashi kaɗan tsakanin biyun. A mota mai kuloci kuwa, injin ba ya mutuwa sai ka saka firi ka saki kuloci, kuma taka kulocin ne ke tayar da shi.

Inda abin yake biya shi ne doguwar tsayuwa. Danja mai daɗewa a titin Gidan Zu ko State Road, lokacin da jami'an KAROTA suka tsayar da hannunku suka saki ɗaya ɓangaren, layin gidan mai da ke motsawa bayan minti uku ko huɗu, ko an tare hanya ana jiran ayarin manya ya wuce. A irin waɗannan bar shi ya yi aikinsa, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu da ba ka buƙatar esi sosai.

Inda nake cewa a danna maɓallin a kashe shi ya fi haka yawa, don Kano ba Jamus ba ce. Na farko, cunkoso mai jan ciki, irin na bakin Kantin Kwari da Singa da 'Yankura, ko Kurna da yamma, inda za ka matsa taku biyu ka tsaya, ka sake matsawa. Tsayuwar daƙiƙa uku ba ta rage mai, batir kawai take tatsa, kai kuma ranka ya ɓaci. Haka nan shataletale da wurin juyawa, inda kake leƙen 'yar kafa ka shiga da sauri. A nan ko rabin daƙiƙa na jinkiri ba na so. Da daddare ma, a mahaɗar da babu haske babu jama'a, kowa a garin nan ya san zancen ƙwacen waya, don haka bar injinka a kunne.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano yana haura digiri 40. Kwamfireson esi na yawancin motoci bel ɗin inji ne ke juya shi, injin na tsayawa shi ma ya tsaya, fanka kawai ke hurowa. Motar tana lura da zafin ciki, in ya hau ta tayar da injin da kanta, wani lokacin ma ta ƙi kashewa sam. Amma idan akwai jariri ko tsoho ko marar lafiya a ciki, ko ana azumi da rana tsaka, kada ka jira ta yanke hukunci. Motoci masu haɗin lantarki irin Prius ba su da wannan damuwar, don kwamfiresonsu da wuta yake aiki.

Wanda ya fi duka haɗari shi ne ruwa, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau. A watan Agusta ruwa yana taruwa a ƙarƙashin gadoji da kwaruruwan titi. Kafin ka shiga ruwan da ya kai rabin taya, kashe tsarin tukuna. Idan na gabanka ya tsaya kai ma ka taka birki, injin zai mutu a tsakiyar ruwa, sannan ya yi ƙoƙarin tashi da kansa. In ruwa ya riga ya shiga ta hanyar iska, wannan tayarwar ce za ta lanƙwasa ƙarafan cikin inji, don ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Aikin da zai tsaya a busar da filogi da canza mai sai ya koma sayen inji. Kuma ko wace irin mota ce, in ta mutu a cikin ruwa kada a murza makulli, a turo ta waje.

Akwai wani abu da shirun injin ke jawowa: mantuwa. Mutum ya iso ƙofar gida, ya taka birki, ya ji shiru, ya buɗe ƙofa zai fita, alhali motar tana giya kuma a kunne take. Yawancin motocin suna ƙara ko su ƙi tashi idan ka cire bel ka buɗe ƙofa, amma kada ka dogara da haka. Saka P, ja birkin hannu, kashe ta da maɓalli ko makulli. Haka a gidan mai in an zo zuba maka, haka kuma kafin kowa ya saka hannu cikin bonet. Yarana na gareji ba sa taɓa bel ko fanka sai makullin motar yana aljihun wani a waje.

Yanzu batir, wanda shi ne ainihin abin da ke cin kuɗin mutane. Tsohuwar mota sau ɗaya take neman batir, lokacin tayarwa, daga nan altaneta ta karɓi aiki. Wannan kuwa duk tsayuwa batir ne ke riƙe fitilu da fanka da rediyo da kwamfutar mota, sannan ya sake juya inji. Batir na gama-gari ba a yi shi don wannan ba. Iri biyu ne ke iya aikin, kuma an rubuta sunansu a jiki: EFB da AGM. EFB batir ne mai ruwa da aka ƙarfafa. AGM ruwansa a jiƙe yake cikin wani abu mai kama da auduga na zaren gilashi, a rufe yake ruf, ya fi juriya kuma ya fi tsada. Ƙa'idar mai sauƙi ce. Motar da ta zo da AGM, AGM za a mayar mata. Wadda ta zo da EFB za a iya saka mata EFB ko a hau zuwa AGM, sai dai AGM ba ya son zafi, don haka idan mazaunin batirin yana cikin bonet kusa da inji, ni EFB nake zaɓa a garin nan. Shi ya sa za ka ga motocin da ke zuwa da AGM da yawa an ɓoye shi a but ko ƙarƙashin kujera. Komawa batir na gama-gari kuwa arha ce ta ranar saye kawai, ba zai daɗe ba.

Idan za ka je Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari sayen batir, ɗauki hoton takardar jikin tsohon kafin ka fita. Lambobi biyu ne dole su dace da na tsohon: ta Ah, wato girman batirin, kamar 70 ko 80 ko 95, da ta ƙarfin tayarwa mai A a ƙarshe, kamar 760A. Amma ka tabbata tsohon shi ne irin na asali, don motoci da yawa kafin su iso hannunka an riga an cire batirin da suka zo da shi an saka na gama-gari. Littafin motar ko lambar shasi ne za su raba gardama. Duba ranar da aka ƙera batirin, wanda ya daɗe a kan kanta cikin zafi ya fara tsufa tun ba a ɗaura shi ba. A sa masa mita a gabanka. Sabon AGM mai cikakken caji yana nuna wajen 12.8, idan ka ga ya sauka ƙasa da 12.4 a ba ka wani. Batirin tokumbo kuwa, wanda wani ya gama cin ƙuruciyarsa a ƙasar sanyi, ba na ba wa mai irin wannan motar shawarar saya.

Bayan an ɗaura, akwai matakin da kusan kowa ke tsallakewa. A kan sandar negatif akwai wata 'yar na'ura da siririyar waya, ita ce ke auna abin da ke shiga batir da abin da ke fita, da zafinsa, ta kai wa kwamfutar mota rahoto. Kwamfutar tana riƙe da tarihin tsohon batirin, tana caja shi gwargwadon tsufansa. A BMW da Volkswagen da Audi da Ford da wasunsu, sai an jona na'urar bincike an shaida mata cewa an saka sabo, da irinsa da girmansa. In ba a yi ba, za ta ci gaba da caja sabon kamar tsoho, ta rage masa kwana. Aikin mintuna ne ga wanda yake da na'urar. Tambayi mai ɗaura maka kafin ya kwance komai, in ya ce bai san zancen ba, sayi batirin ka kai wani wurin.

Wannan 'yar na'urar ce kuma ta sa ba a jona wayar taimako kai tsaye a kan sandar negatif. Idan za a tayar maka da batirin wata motar, ko za a yi caji batirin yana jikin mota, jan waya a kan fozitif, baƙar kuma a jikin ƙarfen inji ko wurin da aka tanada, don na'urar ta ga wutar da ta shiga. Kada a buɗe AGM a ce za a ƙara masa ruwa ko asid. Kada kuma a kai shi wurin cajin da ake jera batura a kan babbar caja marar ƙayyade wuta, wuta mai yawa tana busar da shi, kuma in ya bushe ya tafi ke nan. Abokan sana'ata su ma ina jan hankalinsu a kan abu ɗaya: altanetar waɗannan motocin kwamfuta ce ke juya ta, za ka sa mita ka ga wajen 12.5 yanzu, an jima ka ga ta kusa 15. Lafiyarta lau. An cire altaneta masu kyau da yawa a garin nan saboda ba ta tsaya a 14 ba.

Wata rana za ka lura motar ta daina kashe kanta, ko alamar A ta fito da layi a kanta ko ta koma ruwan ɗorawa. Kafin ka damu, duba abubuwan da ke hana ta da gangan: injin bai yi zafi ba, esi yana kan ƙarshe, ba ka ɗaura bel ba, ƙofa ko bonet bai rufu sosai ba, sitiyari a murɗe yake, kana kan gangara, ko ka fito daga ribas yanzu. Idan babu ko ɗaya kuma an kwana biyu a haka, batir ne ya yi ƙasa. Masu gajeriyar tafiya sun fi fuskantar wannan, daga gida zuwa makarantar yara, zuwa kasuwa, a dawo. Batir kamar randa yake, in ana ɗiba ba a zubawa sai ta yi ƙasa. Ba ta tafiya mai ɗan nisa ba tsayawa, ka bi Eastern Bypass ko ka leƙa Bichi ka dawo, ka ga ko za ta farfaɗo. In ba ta farfaɗo ba, a gwada batirin da na'urar gwaji, ba da tartsatsin waya ba. Mutane da yawa murna suke yi idan abin ya daina aiki, alhali gargaɗi ne motar ta ba su tun da wuri, makonni ko watanni kafin safiyar da za ta ƙi tashi. Masu Mercedes kuma, wasu ƙirar suna da ƙaramin batir na biyu ko wata na'ura mai yin aikinsa, idan ta gaji saƙo zai fito a dashbod. Wannan daban ne da babban batir, kada a canza babban a bar shi.

Idan bayan duk wannan ka ce kai dai ba ka so, hakkinka ne, motarka ce. Hanya mafi tsabta ita ce danna maɓallin duk sanda ka tayar, ka haɗa shi da ɗaura bel, cikin 'yan kwanaki hannunka zai saba. Wasu motocin idan ka saka su a Sport ma ba sa kashewa. A wasu kuma mai na'urar bincike da ya san aikinsa zai iya saita kwamfutar ta riƙe zaɓinka na ƙarshe, ba a taɓa waya ko ɗaya ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne dabarar da ta yaɗu ta zare filogin na'urar kan batir. Gaskiya ne tsarin zai daina aiki, amma ka makantar da kwamfutar, ba ta ƙara sanin halin da batirin yake ciki, kuma AGM mai tsada ne zai biya. Ɗaya dabarar ita ce zare makunnin bonet don motar ta zaci a buɗe yake. Wannan makunnin a motoci da yawa yana haɗe da ƙararrawar ɓarayi da gargaɗin dashbod, ka gyara abu ɗaya ka ɓata biyu.

Mai shirin sayen mota, ka sa wannan cikin gwajinka. Bayan kun zaga injin ya yi zafi, rage esi, ɗaura bel, tsaya ka taka birki sosai. In motar tana da maɓallin A amma ba ta kashe ba, buɗe wurin batir ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa, ka kuma duba ko siririyar wayar nan tana jone. Idan batir na gama-gari ka gani, cire kuɗin AGM ko EFB daga cinikin, don kai za ka saya nan ba da daɗewa ba. Wanda kuma yake da direba, ko Hajiya ce za ta riƙa fita da motar, a zauna a nuna musu maɓallin tun ranar farko, a gaya musu wurare ukun da ba a wasa da su: cikin ruwa, bakin famfon mai, da kafin a fita daga mota. Direban kuma a gaya masa a fili cewa in ta yi shiru a danja ba laifinsa ba ne, don kada tsoron faɗa ya sa ya kai ta a yanke waya ba da saninka ba.